Kukan Bel a Motar Dogo

Litinin, bayan la'asar

Dogo ya dawo da jar motarsa. Wai bel yana kuka.

Motar nan ni na mai da ita abin da take. Da ya sayo ta, ban da jan fenti da ƙofa biyu babu abin da ya raba ta da ta kowa. Ni na ɗora mata injin cusa iska, na canza salansa, na rage mata tsayi, na zana wa Mai Walda maƙwabcina ƙarfen da zai riƙe sabon fuli, faifan da bel ke hawa, ya ƙera min. Bel guda ne yake zagaya komai: altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari, da injin iskar. Duk garin nan ba mai iya wannan aikin in ba ni ba. Masu gyaran mota da kwamfuta na bakin titi ma sun sani.

Ya tayar da ita a gabana, ya yamutsa fuska. "Oga, ka ji ko? Kamar ana yanka ɓera."

Mai Walda ya leƙo ta kan katanga da baƙin tabarau a goshi, ya ce wa ya taka wa kyanwa wutsiya da ranar Allah.

Na ce na ji.

Na ɗauko dogon sukudirebana, na kafa bakinsa a jikin altaneta, na ɗora kunne a ƙotarsa yadda na saba tun ina da gashi a ka. Inji yana tafiya sumul. Ina jin bugunsa, ina jin salansa har cikin ƙirjina. Na ce masa bel ne ya tsufa, ya bar ta zuwa jibi.

Ba a banza ake ce min Mai Kunne ba. Aji uku na yi a sakandare na fito, ba wanda ya ba ni ko sifana ɗaya. Da kunnen nan na gina garejin nan, da shi na aurar da 'ya'yana.

Talata, da hantsi

Na sa sabon bel, mai kyau, ba irin na gefen hanya ba. Na ɗaure shi daidai. Na tayar. Shiru.

Mura ce ta toshe min kai tun wancan watan. Za ta wuce.

Laraba, da yamma

Dogo ya zo da murnarsa, ya murɗa makulli. Ko ƙofa bai rufe ba na ga fuskarsa ta canza.

"Oga, wasa kake min?"

Na ce sabon bel sai ya zauna, shi ma kamar sabon takalmi ne. Na ɗauko sifana na ƙara masa ɗauri kaɗan a gabansa. Na ce ya sake tayarwa. Sai na harɗe hannu na ce, "To, kai yanzu me ka ji?" kamar malamin da ke gwada ɗalibi.

Ya karkata kai. Ya ce ya ragu.

Na ce, "Ka gani."

Ya bar ta dai. Ya ce Asabar ta sama akwai gudu a tsohon filin jirgi inda suke tsere, kuma ba zai je abokansa su yi masa dariya ba, mota tana kuka kamar keken ɗinki marar mai. Na ce kafin nan ta daina.

Bayan ya tafi na sake tayar da ita ni kaɗai. Na tsaya, na tsaya. Na sunkuya har iskar fanka tana kaɗa min riga. Bel yana ta gudu a gaban idona.

Alhamis, da safe

Maman yara ta koyi magana ƙasa-ƙasa, ban san yaushe ba. Ta tsaya a bayana a ƙofar kicin tana motsa baki, sannan ta ce wai sau nawa za ta kira ni. Na ce in za ta yi magana ta yi magana, ba ta riƙa gunaguni kamar mai ciwon haƙori ba. Ta dube ni. Ba ta rama ba, kuma ba halinta ba ne ta bar bashin magana.

Wayata ma ta lalace. Sai in tarar an kira ni, ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, bayan azahar

Na goga wa bel ɗin sabulu, tsohuwar dabara. Na kira Mai Walda wai ya zo ya ga yadda sabon fentin murfin inji ya kama, na tayar da motar kamar ba da niyya ba, ina kallonsa ta wutsiyar ido.

Ya sa yatsa a kunne. "Tsoho, kashe abin nan, haƙorana za su zube. Kai ba ya damunka?"

Na ce wanda ya saba da aiki ba komai ke damunsa ba.

"To, kunne ya girmi kaka," in ji shi. "Naka kam ya girmi kakan kaka, ƙarfe ne."

Na yi dariya tare da shi. Da ya fita na ƙara wa bel ɗauri.

Asabar, da safe

Kunnena lafiya lau.

Lahadi, da yamma

Auta ta kawo mana jikana. Ita da mamanta suka shiga maƙwabta gaisuwa, suka bar min shi yana barci a ɗakin ciki, suka ce ba za su daɗe ba. Ina falo ina kallon labarai, ƙofar ɗakin a buɗe.

Sai kawai na ga Auta ta shigo a guje ta wuce ni, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta fito da yaron fuskarsa ta yi jajir, jikinsa sharkaf, yana shessheka ba murya. Ta ce tun daga ƙofar gidan maƙwabta suka jiyo shi.

"Baba, kana nan zaune?"

Na ce fanka ce da talabijin.

Maman yara ta ɗauki rimot ta rage ƙarar. Ta rage, ta rage, ta rage, ina kallon layin yana ja da baya a jikin gilashi, ban san na kai shi can ba. Auta ta tafi da wuri.

Ban ci abinci ba.

Litinin, da sassafe

Yau na ji shi. Ina buɗe ƙofar gareji na ji siririn kuka, ƙiii, a gefen hagu, daidai inda bel yake. Wallahi sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na yar da makullan, na nufi motar da sauri.

Motar a kashe take. Makullinta yana aljihuna.

Har yanzu da nake rubutun nan yana yi. Ya bi ni banɗaki, ya bi ni wajen mai shayi. Kamar gyare ya shiga kaina ya yi gida.

Talata, da rana

Na cire bel ɗin na duba. Gefe ɗaya ya yi sheƙi kamar an goge shi da mai. Na mayar.

Da a ce motar wani ce aka kawo min daga wani gareji, da tuni na faɗi abin da ke damunta tun mai ita bai gama sallama ba. Ni ba na awo. Ban taɓa awo ba. Masu awo su ne waɗanda Allah bai ba su abin da ya ba ni ba, haka nake faɗa wa kowa.

Masu kwamfuta suna da wani abu kamar na likita da suke maƙalawa a kunne. In na tsallaka titin nan na ce su ara min, kafin in dawo labari ya riga ni.

Mura ce.

Alhamis, da yamma

Na tayar, na kashe. Na tayar, na kashe. Mai ya kusa ƙarewa a tanki.

Juma'a, gab da magariba

Dogo ya ɗauki motar.

Kafin ya zo na sa dogon ƙarfe na banƙare fulin ɗauri har sai da bel ya miƙe kamar tsirkiyar baka. Na danna shi da babban yatsa, ko gezau. Na san ya yi yawa. Hannuna ya sani. Amma duk ɗaurin da na ƙara sai a ce ya ragu, to me zan yi?

Ya tayar, ya saurara, ya washe baki. "Oga Mai Kunne! Na ce musu ba ka da na biyu."

Mai Walda yana tsaye da kofin shayi. Ya ce shi fa yana jin wani kuka daban, ba irin na da ba, siriri, can ƙasa.

Na ce wannan kukan injin iska ne, haka yake, waƙarsa ce, mutane kuɗi suke kashewa don su ji ta. Na ce kowa ya tsaya a kan sana'arsa, ni ban taɓa koya masa riƙon wuta ba.

Ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Na bi motar da kallo har ta sha kwana. Na so in ɗaga hannu in tsayar da shi. Hannun yana riƙe da tsumma, ya ci gaba da goge sifana.

Asabar, da hantsi

Na ajiye wayar a kan cinyata don in ji motsinta.

Asabar, da la'asar

Ta motsa.

Lahadi

Ba zan rubuta ba.

Litinin, da rana

An kawo ta a bayan babbar mota. Gefen direba ya lotsa daga fitila har ƙofa, taya ɗaya ta kalli gabas. Akwai ciyawa da jar ƙasa cushe a ƙarƙashin bamba. Mutane suka taru a ƙofar gareji, na ce kowa ya kama gabansa, ba sinima ba ce.

Na buɗe murfin inji. Bel ya zama zare, ya nannaɗe a jikin fanka. Ƙaramin fulin da ke ƙasa ya ƙone ya koma shuɗi, boris ɗinsa ya tarwatse. Ɗauri ne ya cinye shi. Boris ba ya mutuwa shiru, sai ya yi kuka tukuna, ya yi ta yi, yana roƙon a zo.

In bel ya tsinke ana cikin gudu, sitiyari sandarewa yake kamar an zuba masa siminti. A kwana ya same shi.

Mai Walda ya zo ya tsaya kusa da ni, ya kalli fulin. Bai ce ai na faɗa ba. Da ma ya faɗa.

Talata, da yamma

Na je asibiti. Sun ɗaure masa kafaɗa da hannun hagu, goshinsa da ɗinki. Mahaifiyarsa tana zaune a bakin gado da carbi, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba.

Dogo ya yi magana. Muryarsa ba ƙarfi, ga fanka, ga masu jinya suna kai da kawo. Na ga leɓensa yana motsi, na gyaɗa kai, na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Mahaifiyar ta ɗago. "Malam, tambayarka yake yi."

Na matsa, na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa bakinsa. Cewa yake, "Oga, za ta tashi?"

Ya ce laifinsa ne, shi ya taka ta fiye da kima. Ya ce kada in damu, ya san aikina. Ya ce da zarar an kwance masa hannu zai zo ya ɗauka, kuma ba wanda zai taɓa masa mota sai ni.

Mahaifiyar ta ce, "Ko da kai ka haife shi ba zai ji maganarka ba. Tunda ya ce sai ya koma, to amana ce a hannunka, Malam. Shi kaɗai gare ni."

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi na zauna a kan wani dutse.

Alhamis, da safe

Ba wanda ya zarge ni. Na jira, ba wanda ya zo.

Asabar, bayan azahar

Mai Walda ya buga gefen ya miƙe. Na canza ƙafar gaba, na sa sabon fuli, sabon boris, sabon bel. Aikin hannu ba abin da ya gagare ni, hannuna yana nan yadda yake.

Na murɗa makulli. Ta tashi.

Na tsaya a gabanta kamar baƙo. Tana kuka ko ba ta kuka? Bel ɗin da ya fara kuka tun farko ba banza ya yi ba, akwai abin da ya sa shi, kuma abin yana nan ban taɓa shi ba. Zai zo ya ɗauka, in ce masa ta gyaru, ya yarda.

Gyaren nan da ke kuka a kaina kuwa bai huta ba.

Litinin, da yamma

Auta ta zo da mota ta ce in raka ta wani wuri. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Wani ƙaramin ɗaki ne mai katifa a bango. Aka kifa min abu a kunnuwa, aka ba ni maɓalli, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Da farko na yi ta dannawa. Daga baya na zauna ina jira su ci gaba, ina cewa a raina na'urarsu ta tsaya. Ta cikin gilashi na hango Auta ta juya baya tana neman abu a jaka, ta daɗe tana nema.

Likitan kunne ya tambayi sana'ata. Na faɗa masa. Ya tambayi tun yaushe, na ce tun bai shiga firamare ba. Ya gyaɗa kai irin yadda nake yi in na gane fulogin da ya mutu.

Ya yi bayani mai tsawo. Auta ce ta saurara.

Talata

Ban buɗe gareji ba. Na ce bayana ke ciwo.

Laraba, da hantsi

Dogo ya aiko saƙo. Ranar Juma'a za a kwance masa.

Na yi tunanin in ce masa inji ya fashe, ba ta gyaruwa. Na yi tunanin in ce ya kai wa masu kwamfuta. Na yi tunanin in sayar da wurin in ce na gaji. Duk wanda na ɗauko sai in ga ƙarya ce a ƙarshensa, kuma motar tana nan da abin da ke cikinta.

Alhamis, bayan la'asar

Ina zaune a kan tsohuwar taya ina kallon motar, sai inuwa ta rufe ƙofa. Maman yara ce, da kwanon abincina a hannu. Tun da na buɗe wurin nan ba ta taɓa tako shi ba, ta ce warin baƙin mai yana sa ta ciwon kai. Ta tattare zaninta, ta tsallake giris ɗin ƙasa, ta zo ta tsaya a gabana daf, inda zan ga bakinta.

"Tayar da ita."

Na ce me ta sani a mota.

"Ban san komai ba. Tayar."

Na ce ta koma gida, nan ba wurin mata ba ne.

"Baban Auta," ta ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. "Wa yake faɗa maka an buga ƙofa? Wa yake taɓa ka in ana maka sallama a hanya? Kai kana tsammani yau na fara? Tashi ka tayar, abinci yana hucewa."

Na tashi na tayar.

Nan take ta runtse ido, ta ɗaga hannu sama kamar 'yar makaranta. Na ce ta bar shi a sama muddin tana jin kukan. Na ɗauko robar ruwa, na fesa wa bel ɗin kaɗan yana cikin gudu. Hannun ya sauka. Na ƙirga numfashi kaɗan. Hannun ya sake tashi.

Duk bakanike ya san wannan: in bel ya yi sako-sako ne, ruwa ƙara masa kuka yake. In ruwa ya sa shi shiru ya dawo, to ba ɗauri ba ne, fuli ne ba ya kan layi. Makonni ina ta ɗaure abin da ba ya son ɗauri.

Na leƙa ta katanga na ce wa Mai Walda ya ara min miƙaƙƙen ƙarfensa na awo. Ya kalle ni, ya kalli maman yara da hannu a sama. Ya je ya kawo da kansa.

Na kashe inji, na ɗora ƙarfen a fuskar fulin altaneta zuwa na injin iska. Ga shi nan, haske yana wucewa ta tsakani. Kaurin farce. Ƙarfen da na zana da hannuna ne ya fita layi, ba waldar ba, zanen.

Na kwance, na sa siririn zoben ƙarfe a bayan ƙarfen da ke riƙe fulin, na sake awo. Na ƙara wani. Hasken ya ɓace. Na sassauta bel ya koma yadda ya kamata, yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin yatsa.

Na tayar. Hannunta yana ƙasa. Na taka totur har kwanukan rufi suka ɗauki rawa. Hannun yana ƙasa. Na fito, na kafa sukudireba a jikin ƙaramin fulin, na nuna mata inda za ta sa kunne. Ta goge ƙotar da bakin mayafi tukuna.

"Me kika ji?"

"Kamar ruwa yana zuba a bokiti."

"Ba ƙara? Ba kamar yashi?"

"Na ce maka ruwa. Yashi kuma a ina?"

Na sa ta saurari altaneta, na sa ta saurari famfon ruwa. Ta ce bayanta ya gaji, kuma in ina son ma'aikaciya sai in yi maganar albashi.

Na ci abincin a sanyaye, cokali yana buga kwano. Ita ta faɗa min yana bugawa.

Juma'a, da yamma

Ta riga ni shiryawa da safe. Na sa mata kujera a inuwa kusa da ƙofa, muka tayar da motar da sanyinta, muka sake tayarwa da zafinta.

Dogo ya zo da abokansa biyu, hannun ya rame, yana riƙe da shi a ƙirji. Mai Walda ya fito. Mai shayi ya matso. Har ɗaya daga cikin masu kwamfuta ya tsallako ganin jar motar da ta mutu ta tashi.

Ya zagaya ta yana shafawa. Ya gaida maman yara da mamaki, ya ce yau Mama ce da kanta a gareji. Sannan ya juyo, makulli a hannu, ya yi magana da ƙarfi don abokansa su ji.

"Oga Mai Kunne, kai nake jira. Ka saurare ta? In ka ce ta yi, ta yi."

Duk suka zuba min ido. Kalma ɗaya ce, kuma na saba faɗinta.

Na nuna kujerar.

"Tambayi Mamanka," na ce. "Ita ta ji. Ni na daina ji."